Koriyar Miri da Jan Iri

Kowace shekara idan aka turo mana ɗalibai koyon aiki, ba a rasa wanda zai tsaya a bakin ƙofar ɗakin gwajinmu, ya dubi farar riga da fanka da kujerar da nake zaune, ya raɗa wa na kusa da shi cewa wannan ai hutu ne ba aiki ba. Suna zaton ba na ji. Kunnena ƙalau yake, idona ne ya fara gajiya. Cikin na bana ma wata ta ce min, da ladabinta kuwa, "Anti Rabi, ai yanzu akwai na'ura. A zuba ruwan, a danna, ta ba da lamba." Na ce mata gaskiyarta, ga na'urar can a kusurwa an lulluɓe ta da tsumma, ta je ta gaishe ta.

Aikina ƙirga ƙwayoyin fumfuna ne, kuma masu rai daga cikinsu. Fumfuna dai kun san ta, ita ce ke yi wa tuwon da aka manta a kwano gashi, ko burodin da ya daɗe a leda. Akwai mai cuta, akwai mai amfani, kuma mu masu amfanin muke kiwo a wannan cibiyar binciken noma da nake aiki tun ina budurwa. Waccan na'ura ba ƙarya take yi ba. Haske take ratsawa ta cikin ruwa, ta auna yadda ruwan ya yi duhu. Sai dai matacciyar ƙwaya tana tare haske daidai da mai rai, shi ya sa za ta iya ba ka lamba mai faranta rai a kan kwalbar da babu abin da ya rage a cikinta sai gawa. Manomin da zai zuba abin a gonarsa kuwa ba duhun ruwa ya zo nema ba.

Wanda ya koya min aikin nan Baba Yohanna ne, mutumin kudancin jihar nan, dogo, siriri, mai ƙarancin magana da yawan kallo. Ranar da na fara zuwa da takardata ta makaranta ina jin kaina, wuƙa ya miƙo min da kwandon dankalin Turawa. Ya ce in fere. Da ruwan dafaffen dankali da sukari da wani farin gari mai daskarewa ake yin abincin fumfuna, mu a nan tuwo muke ce masa. A dafa shi a tukunyar tururi har duk wani abu mai rai da ke ciki ya mutu, a zuba a fararen farantai masu murfi, a bari ya kama jikinsa. Na shafe watanni daga feraye sai wanke kwalabe, bai bar ni na ko taɓa madubin da ke ƙara girman abu ba. Innata a Ƙofar Dumi ta samu abin tsokana. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta ce mata ai Rabi ta yi karatu mai zurfi, yanzu har fumfuna take yi wa girki, mu a gida ko cokali ba ta ɗagawa.

Sai da ya ga na daina magana a kan buɗaɗɗen faranti, na kuma daina ajiye murfi a ƙasa, sannan ya zaunar da ni gaban madubi ya ɗauko gilashin ƙirga. Ɗan gilashi ne mai kauri da bai fi yatsu biyu ba, an zana masa layuka da ido ba ya gani. A ƙarƙashin madubi sai ka gan su kamar fangalin lambu, gida-gida. Za ka ɗiga ruwan a gefen ɗan siririn murfinsa, ruwan ya shige da kansa, ka jira ƙwayoyin su kwanta, sannan ka fara bi gida bayan gida kana danna ɗan abin ƙirga da babban yatsa, irin dai carbin dannawar nan da mutane ke sawa a yatsa yanzu. Ƙwayar da ta faɗo a kan layin sama ko na hagu taka ce. Wadda ta hau layin ƙasa ko na dama ta maƙwabci ce, ko da kuwa ta fi kowacce kyau. Idan ka ji tausayinta ka ƙirga, to ka ƙirga ta sau biyu ke nan, don za ka sake haɗuwa da ita a gida na gaba.

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne mutum ya zuƙo ruwa bai girgiza kwalba ba. Ƙwayoyi suna kwantawa a ƙasa kamar gasara. Wanda ya zuƙo daga sama zai ce babu komai, wanda ya zuƙo daga gindi zai ce ta cika maƙil, kuma kwalba ɗaya ce. Ga su da son manne wa juna, sai an sa ɗigon wani ruwa mai santsi an kaɗa sosai kafin su rabu. Dokarsa da har yau ban karya ba ita ce, ba a faɗin lamba sai an zuƙo sau biyu daban-daban an ƙirga sau biyu. Idan biyun suka yi nisa da juna, ba a raba gardama da tsakiya, sakewa ake yi daga farko. Na sha yin fushi da shi a kan wannan, musamman ranar da azahar ta wuce cikina na ƙugi. Shi ko a jikinsa, sai ya ce in je in yi sallata in dawo, ƙwayoyin ba za su gudu ba.

Gilashin nan yawan jama'a kawai yake faɗa maka. Sanin mai rai wani aiki ne daban, kuma kowace fumfuna da yadda ake tambayarta. Na tuna wata maƙwabciyarmu mai masa, Hajiya Mairo, da ta tare ni a bakin lungu da sassafe ranta a ɓace. Ƙullunta ya ƙi tashi kwana da kwanaki, masar da aka san ta da ita ta koma kamar faifai, har ta fara zargin an yi mata baki. Na karɓi ɗan yis ɗin da take sawa don ƙullu ya tashi, na tafi da shi wajen aiki. Yis ma dangin fumfuna ne. Shi shuɗin ruwa ake ɗiga masa: mai rai ya ƙi karɓar launin ya zauna fari tas, matacce ya sha ya koma shuɗi. Da na leƙa, fangalin nan shuɗi ne daga wannan gefe zuwa wancan, fararen sai ka nema. Amma da sauri ake ƙirgawa, don idan ka tsaya hira, masu ran ma za su gaji su sha launin, ka yi musu shaidar zur. Da na koma na tambaye ta inda take ajiye gwangwanin, ta nuna min wata 'yar taga a saman murhu, wai don kada yara su kai hannu. Ta sauya yis ta sauya wurin ajiya, ni kuma na daɗe ina cin masa da miyar taushe ba tare da na tambaya ba.

Ita kuwa wadda nake son ba ku labarinta ba ta amsa shuɗin ruwa yadda ya kamata. Muna ce mata Koriya. Baba Yohanna ne ya samo ta tun kafin in zo, daga ƙasar wata gonar gyaɗa a Miri. Ya lura cewa a shekarar da ruɓewar saiwa ta kwantar da gonaki, akwai wani gefe da gyaɗarsa ta tsaya kore shar. Ya ɗebo ƙasar wajen a leda, ya yi ta sirkawa yana shukawa a faranti har ya ware wata fumfuna da ke fara fitowa fara kamar auduga, sannan ta rikiɗe kore, tana ƙamshin kwakwa. Idan aka haɗa ta faranti ɗaya da mai ruɓar da saiwa, sai ta bi ta kanta ta lulluɓe. Daga wannan ledar ƙasa duk Koriyar da muke da ita ta fito. Asalin muna ajiye shi a siraran kwalabe masu toshin auduga a ƙasan firji, shi muke kira uwa, kuma lokaci-lokaci sai a ɗebi kaɗan da bakin 'yar siririyar wayar ƙarfe a sauya mata sabon tuwo don kada ta tsufa ta mutu.

Ita ana tambayarta ta hanya biyu. Ko a shimfiɗa ƙwayoyinta a kan siririn tuwo a bari su kwana, da safe a leƙa a ƙirga waɗanda suka fitar da ɗan tsiro kamar zare da waɗanda suka zauna shiru. Ko kuma a sirka: a ɗebi kashi ɗaya a zuba cikin tara na ruwa mai tsabta, daga wannan a sake ɗiban ɗaya zuwa wata kwalbar, haka-haka har ruwan ya koma kamar babu komai a ciki, sannan a shafa a faranti a rufe a jira. Kowace ƙwaya mai rai za ta kafa ɗan tsibirinta, ka ƙirga su da ido, ka ninka ka koma baya. Wannan ta biyun ita ce mai gaskiya, ita ce kuma mai cin rai, don babu yadda za ka sa fumfuna ta yi sauri.

Shekarar da ta ba mu wuya ta zo bayan Baba Yohanna ya ajiye aiki. Idonsa ne ya tafi a hankali, daga gefe-gefe har ya rage masa ɗan haske a tsakiya, ya koma gidansa a Ɗan Iya ya zauna. A shekarar ne cibiyar ta fara raba Koriya ga manoman Miri da yawa, ba gwajin bayan ofis kawai ba. Mun haɗa ta da farin gari mai laushi muka ɗura a ƙananan ledoji. Ni na ƙirga kowane rukuni kafin ya fita, kuma na san abin da na gani. Abokan aikinmu maza suka tara manoma a gindin bishiya suka yi musu bayani: a ɗan jiƙa iri, a barbaɗa garin, a juya, a shanya a inuwa ba a rana ba, a shuka a ranar.

Damina ta yi tsakiya sai ga Malam Ilu, ɗaya daga cikin manoman, ya sauka daga babur da buhu a kafaɗa. Dattijo ne mai fara'a, amma ranar bai zo da ita ba. Ya zazzage buhun a barandarmu, gyaɗa ce ta yi yaushi, saiwoyin sun yi baƙi suna wari. Ya ce shi bai zo faɗa ba, ya zo ne mu gani da idonmu. Ya yi duk abin da aka ce, ya ma hana 'ya'yansa fesa komai don an ce kada a haɗa garinmu da wani magani, ga sakamakon. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Kunya ta rufe ni.

Shugaban sashenmu a lokacin Dokta Sabo ne, mutum mai adalci da ba ya yanke hukunci da zafi. Ya ce a sake ƙirga komai. Na ƙirga uwa, lafiyarta ƙalau. Na ƙirga ledojin da suka rage a ma'ajiya, suna nan da ransu. Aka karɓo ragowar garin daga gidajen manoma, zafi ya ɗan rage su amma akwai isassu. Sannan aka ɗebo ƙasar da ke manne da saiwoyin gonakin, na sirka na shuka na jira. Farantai suka cika da baƙaƙe da rawaya da masu gashi iri-iri, amma koren da nake nema sai ɗaya nan ɗaya can, wani farantin ma babu ko ɗaya. A leda tana da rai, a gona babu ita.

Dokta ya zauna da sakamakon ya ce abin da kowane mai ilimin aikin zai ce. Fumfunar da ta daɗe tana cin tuwon dankali a cikin sanyi takan sangarce, ta manta yadda ake kokawa a ƙasa. Wataƙila Koriya ta zama 'yar gata. Ga shi a shekarar taransfomar unguwar ta ƙone, firji ɗaya tak muke iya riƙewa da janareta, kowa na rububin wuri a ciki. Ya ce idan damina ta ƙare ba mu gano wani dalili ba, za a sa kwalaben uwa a tukunyar tururi a ba wasu wurin, a nemo wani iri daga waje. Ban ga laifinsa ba. Sai dai abin da tukunyar nan ta dafa ba ya dawowa, kuma gonar da aka samo Koriya a cikinta tuni an yanka ta filaye an yi gine-gine.

Na hau keke na tafi Ɗan Iya ranar wata Asabar don in faɗa wa Baba Yohanna da bakina, kada ya ji a wani wuri. Na same shi a ƙarƙashin bishiyar mangwaron gidansa da rediyo a cinya. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Na zaci zai yi faɗa ko ya ce a roƙi Dokta. Sai ya tambaye ni wuraren da na ƙirga, na lissafa masa.

"Kin ƙirga a leda, kin ƙirga a ƙasa," ya ce. "A kan irin fa, 'yata?"

Na ce masa ai iri yana cikin ƙasa tun farkon damina. Ya ce babu manomin gyaɗar da ke shuka irinsa duka, kowa yana rage ɗan abin cike gurbi, in je in roƙa.

Da na isa Miri na sami Malam Ilu a ƙofar gida yana gyaran fartanya. Na tambaye shi ko akwai ragowar irin da ya barbaɗa wa garinmu. Ya ce wannan sai dai in shiga ciki in tambayi Maman Sani, matarsa, don harkar iri a hannunta take, shi sai ranar shuka ake miƙo masa. Abokan aikina maza sun zo gidan nan sau da yawa, iyakarsu wannan dakalin. Ni kuwa na yi sallama na kutsa kai.

Maman Sani ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa har da tambayar mutanen cikin gari. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar tukunya da aka ɗaure bakinta da tsumma. Tana kwancewa na ga abin da ya sa na ajiye kofin ruwan. Gyaɗar ja ce jawur, irin jan da ba na Allah da Annabi ba, farin garinmu kuma ya yi mata dusu-dusu a sama. Na tambaye ta mene ne wannan jan. Ta dube ni kamar na tambaye ta mene ne gishiri. Ta ce jan maganin iri ne mana, na kasuwa. Tun bazara idan ta gama ɓarar gyaɗar shuka take juya ta da shi ta rufe, haka uwarta ma take yi tun da maganin ya shigo. Na ce amma an ce kada a haɗa garinmu da komai. Ta ce ita ba wanda ya faɗa mata, kuma ma ai ba a haɗa ba, nata ta sa tun da daɗewa, na Malam kuma ranar shuka ya barbaɗa.

Jan nan an yi shi ne don ya kashe fumfuna, bai kuma san ta gida da ta daji ba. Yana tsare iri daga ruɓewa har ya tsiro, daga nan ƙarfinsa ya ƙare. Koriya kuwa aikinta ta bi saiwa ta zauna tare da ita har kaka. Mun ɗauki mai gadin da zai kwana a gona mun shafa shi a kan guba tun daga ƙofar gida. A gwaje-gwajenmu na bayan ofis da farin iri muke aiki, wanda muke ɓarewa da hannunmu. Mazan Miri kuma ba su ɓoye komai ba, a wurinsu iri ai ja ne, kamar yadda ganye yake kore.

Ni da saurin bakina sai na ce mata to baɗi kada ta sa. Ta yi dariya har da tafa hannu.

"Malama, ke ba ki zauna da yara a bazara ba ne? In ban sa ja ba, kafin ruwa ya sauka an cinye rabin irin. Wannan ya ɗiba, wancan ya ɗiba." Ta rage murya ta nuna ƙofa da haɓa. "Har shi mai gidan, in ya wuce sai ya cika aljihu. Amma in suka ga ja, ko ɓera ba ya kusanta."

Sai a lokacin na gane. Jan nan ba maganin ruɓewa kawai ba ne a wurinta, shi ne makullin da take rufe shukar baɗi da shi a watannin da rumbu ya yi ƙasa. Wanda zai ce ta daina sai ya fara kawo mata wani makullin.

Na roƙi tafi guda na jan irin, na kuma sayi farar gyaɗa a hanya. Zato ba ya hana tukunyar tururi aiki, sai faranti ya yi magana. Na wanke jan irin a ruwa mai tsabta, na sirka, na shuka. Sannan na ɗauko leda ɗaya daga ma'ajiya na raba garin biyu, rabi a kan farar gyaɗa, rabi a kan wadda na juya da jan magani, na bar su suka ɗan jima kamar yadda za su jima kafin a kai gona, na wanke kowanne na shuka a farantansa. Kowanne sau biyu, daga zuƙa daban. Kwanakin jiran nan ban yi wa kowa kyakkyawar magana ba, har masu shara sun san a gaishe ni daga nesa.

Da lokaci ya yi na jera farantan a teburin Dokta Sabo. Na farar gyaɗa tsibirai ne kore ko'ina, har sai da na koma ga sirki na gaba kafin su ƙirgu. Na jan iri kuwa tuwo ne fes kamar yanzu aka zuba. Ya ɗaga ɗaya ya duba a hasken taga, ya ajiye, ya tambaye ni inda na samo jan irin. Da na ba shi labarin Maman Sani sai ya dafe kai yana murmushi, ya ce shi da ya tashi a gidan noma, da hannunsa ya sha taya kakarsa juya wannan jan, amma ko sau ɗaya bai faɗo masa a rai ba. Shi ne kuma ya kawo mafita. Ya ce tunda ba za a raba iri da ja ba, a raba Koriya da iri. A rene ta a kan dusa da ɓuntun shinkafa, a cuɗa da takin gargajiya a zuba a kunyar gona, ta zauna a ƙasa ta jira saiwa ta zo ta same ta bayan ƙarfin jan ya wuce. Ya ce uwa ta ci gaba da zama a firji har a ga damina mai zuwa, amma daga nan ba zai ƙara roƙa mata wuri ba.

Gyaɗar Malam Ilu ta waccan shekarar dai ta tafi, babu ƙirgar da za ta dawo da ita. Na je na faɗa masa abin da muka gano, na kuma ba shi haƙuri a madadinmu duka. Ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, sannan ya yarda ya ba mu gefe ɗaya na gonarsa a sake gwadawa, gefe ɗaya kawai. A wannan karon bayanin a tsakar gida aka yi shi, ni da matan unguwar a kan tabarmar Maman Sani, mazan suna waje suna jiran a faɗa musu.

Damina ta zagayo. Da gyaɗa ta fara fure na je da kaina na tuge 'yan tushe daga gefen namu, na kakkaɓe ƙasar saiwar a leda. Saiwoyin farare ne, amma ban yarda da su ba, don shekara takan yi kyau da kanta ba da taimakon kowa ba. Na dawo na sirka na shuka na jira. Ranar da na buɗe akwatin da muke ajiye farantai na ga kore ya bazu a farantan, sai da na ja kujera na zauna. Na ƙirga na farko, na ƙirga na biyu, suka zo kusa da juna. Daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa a wajen aiki ba.

Doka ce ba a fita da faranti daga ɗakin gwaji, amma na nemi izinin Dokta ya ba ni. Na naɗe ɗaya da salatif na sa a jaka na hau keke zuwa Ɗan Iya. A lokacin ɗan hasken da ya rage wa Baba Yohanna ma ya tafi. Na gaishe shi, na ce na zo masa da baƙuwa daga Miri, na ɗora farantin a tafinsa. Ya shafa murfin da yatsu, ya gane ko mene ne. Ya ɓare salatif ɗin a hankali, ya ɗaga murfin kaɗan ta gefe, ya kau da bakinsa kamar yadda ya koya min, ya kai hanci. Ƙamshin kwakwar har inda nake zaune. Ya sake shaƙa.

"Daga ƙasa?" ya tambaya.

"Daga saiwar gyaɗar Malam Ilu, Baba."

Ya mayar da murfin ya rufe da tafukansa biyu. "Hanci ba ya ƙirga. Sau nawa kika zuƙo?"

"Sau biyu."

"Sun yi kusa?"

Na ce sun yi kusa. Ya gyaɗa kai. Da na tashi tafiya na miƙa hannu in karɓi farantin, sai ya janye shi zuwa ƙirjinsa ya ce in faɗa wa Dokta wannan ɗaya ba zai dawo ba.

Uwa tana nan a ƙasan firji har yau, kwalabe masu toshin auduga ta hannun hagu. Lokacin sauya mata tuwo ya kusa, kuma hannuna ya fara rawa a kan bakin waya, don haka ku ɗaliban bana, ɗaya daga cikinku ne zai yi. Kafin nan ga wuƙa, ga kwandon dankali can a bayan ƙofa.